Na Shiga Cikin Ege, Tsohon Jirgin Yaƙin da Aka Mayar Gidan Tarihi a Izmir

Kada ka sa babbar riga. Da wannan zan fara, don da na sami mai gaya mini haka tun daga masauki, da ban sha kunyar da na sha ba. Ni da na ji an ce gidan tarihi za mu, sai na ɗauka irin wanda ake shiga da takun ƙasaita ne, a tsaya gaban gilashi a gyaɗa kai. Na ɗauko shaddata mai aikin hannu, wadda na ɗinka musamman don bikin kammala karatun ɗan ƙanwata, na kafa zanna bukar. Ƙofar farko a cikin jirgin ta cire mini hula, ta biyu ta kama hannun riga, a tsani na uku kuwa sai da yaron ya tattare mini ita ta baya kamar mai riƙe wa amarya lulluɓi.

A Izmir yaron ya yi karatun injiniya, ni kuma na je a madadin mahaifinsa, Allah ya jiƙansa. Da aka watse daga biki, saura kwana uku mu taso, sai ya ce, "Kawu, akwai inda na san za ka fi so a kan kasuwa." Ya san halina. Shekara 22 na yi ina tsaron boila a wata masaƙa a Kakuri, har ranar da aka garƙame ƙofa aka ce mu je gida za a neme mu. Duk inda aka ce akwai tsohon ƙarfe da bututu, to an gama da ni.

Wurin da ya kai ni, tsofaffin jiragen yaƙi ne da rundunar sojan ruwan Turkiyya ta yi wa ritaya, ta ɗaure a bakin teku, ta buɗe wa jama'a tun 2007. Lokacin da na je suna Inciralti, a yankin Balcova, gefen kudu na mashigin tekun Izmir. Jirgin ƙasa na cikin gari muka hau zuwa tashar Fahrettin Altay, muka ƙarasa a tasi. Sai dai ka tuna jirgi ba gini ba ne, ana iya kwance shi a ja shi wata gaɓar, saboda haka ka tambayi mai masaukinka inda yake ɗaure da ranakun da ake buɗewa kafin ka fito. Kuɗin shiga bai taka kara ya karya ba. Abin da na biya mana mu biyu bai kai abin da mai tasi ya karɓa ba.

Babban da ke cikinsu shi ne Ege, mai lamba F-256 a gefen hancinsa, fentinsa ruwan toka. Tsawonsa mita 133 da rabi, wato ya ɗara filin ƙwallo da kusan mita 30, amma faɗinsa mita 14 ne kacal da 'yan kai. Siriri ne dogo kamar takobi. Nau'insa shi ake kira firiget, kuma ba shi ne sarkin yaƙi ba a teku, ɗan rakiya ne. Aikinsa ya bi gefen manyan jirage ko ayarin jiragen kaya, yana tsare su daga jirgin nutso da ke laɓe a ƙarƙashin ruwa.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne da yaron ya ce jirgin ba haifaffen Turkiyya ba ne. A Amurka aka ƙera shi, a ma'aikatar Avondale da ke bakin kogin Misisipi kusa da birnin New Orleans. An kafa ƙarfensa na farko a watan Yunin 1971, aka tura shi ruwa a Afrilun 1972, ya kama aiki ranar 31 ga Maris 1973 da sunan USS Ainsworth, lamba 1090. Yana cikin jirage 46 masu ƙira ɗaya da ake ce wa ajin Knox, kuma Avondale ita kaɗai ta ƙera 27 daga cikinsu. Shekara 21 ya yi ƙarƙashin tutar Amurka, aka miƙa wa Turkiyya ranar 27 ga Mayu 1994, ya ƙara shekara 11 kafin a sallame shi a 2005. Na ce, "Ashe har sojan ruwa na sayen ɗan Kwatano." Yaron ya yi dariya har wani soja ya waigo.

Rukuni-rukuni aka shiga da mu, wani matashin sojan ruwa yana gaba yana bayani da Turkanci, ɗan ƙanwata yana raɗa mini fassara a kunne. Sojan yana da haƙuri, don sau biyu yana tsayar da ayari har in iso, bai kuma nuna gajiya ba. Ƙofofin nan da suka wahalar da ni ba mugunta ba ce ta maƙera. Kowace tana da dokin ƙofa na ƙarfe mai tudu, samanta kuma a gajarce, ga maƙallai a kewaye, domin idan ruwa ya fasa wani ɗaki a datse shi a nan kada ya ci sauran jirgin. Dole ka ɗaga ƙafa ka kuma sunkuyar da kai a lokaci ɗaya. Wanda ya manta ɗaya daga ciki, ƙwaurinsa ko goshinsa zai tuna masa.

Amma warin ne ya kama ni. Man inji, fenti a kan fenti, da tsohon ƙarfen da ya sha zafi. Ina shaƙa sai ga ni a Kakuri da asuba, ina karɓar aiki daga ɗan dare. Na tsaya ina bin bututun da ke saman kaina da ido, ina lissafa bawul, har sai da yaron ya taɓa ni ya ce, "Kawu, an yi gaba."

A doron jirgin ta gaba akwai igwa guda ɗaya tal, mai baki milimita 127, wadda ke jefa harsashi mai nauyin sama da kilo 30 zuwa nisan fiye da kilomita 20. Nan kowa ke tsayawa ɗaukar hoto, yara suna rungumar bututun. Ni kuwa akwatin da ke bayanta ya fi ja mini hankali, wani ƙaton abu mai kusurwa huɗu da ƙofofi takwas, ba kyan gani, kamar kwantena. Shi ne ainihin haƙorin jirgin. ASROC sunansa. Roka ce ke ɗaukar tofido, wato makamin nan mai farfela da ke gudu a cikin ruwa, ta tashi da shi sama tafiyar kilomita tara zuwa goma, ta sake shi da lema a inda ake zaton jirgin nutso yake, shi kuma ya shiga ruwa ya bi sauti har ya same shi. A baya can kuma akwai filin saukar helikwafta da rumfarsa, don a kai farautar inda rokar ba ta kaiwa.

To ta yaya za a san inda za a jefa? Abin da ke ba da wannan amsa ba a ganinsa daga inda muke tsaye, domin yana ƙarƙashin ruwa, a ƙasan hancin jirgin. Wani ƙaton kumburi ne da ke ɗauke da na'urar sona. Tana buga ƙara mai ƙarfi cikin teku ta saurari amsa-kuwwa, ko kuma ta yi shiru tana sauraren motsin farfelar wani. Da na fahimci wannan sai na ga jirgin da wani ido. Igwar nan ta hoto rakiya ta yi. Kunne aka fara ƙerawa, sannan aka gina masa jirgin da zai yi yawo da shi.

Ɗakin tuƙi yana da haske da tagogi, kuma sitiyarin ya ba ni dariya don bai kai na tirela ba. Wurin kwanan ƙananan sojoji shi ne inda ya kamata kowane uba ya tsaya da ɗansa minti biyar. Gadaje hawa uku, idan ka yi atishawa a kwance goshinka ya gaisa da gadon na sama, kayanka kaf a ƙarƙashin katifa da wani ɗan akwati. Mutum kusan 280 ke rayuwa a cikin ƙarfen nan wata da watanni. Hafsoshi suna da nasu ɗakuna da teburin cin abinci dabam, kyaftin kuma shi kaɗai da nasa. Ko a tsakiyar teku, babba babba ne.

Yanzu ku yi mini haƙuri in yi maganar sana'ata. A tsakiyar jirgin akwai wata hasumiya mai kauri da ta haɗa aiki biyu, ita ce bututun hayaƙi, ita ce kuma turken da aka ɗora eriya da na'urorin hange. A ƙarƙashinta boila biyu suke. Ban ma tambaya ko ana sauka can ba, don gwiwata ta riga ta ba ni amsa tun a tsani na uku. Na dai tsaya a gindin hasumiyar ina lissafi. Boilar da na tsara shekara 22, idan allurar geji ta kai 150 muna cewa aiki ya kankama. Ta wannan jirgin 1,200 take yi a ma'auni ɗaya, ninki takwas, tururin kuma zafinsa ya haura digiri 500. Shi ke juya injin tabain guda ɗaya mai ƙarfin doki 35,000, injin ya juya farfela guda ɗaya, ta tura tan fiye da 4,000 na ƙarfe da gudun kilomita 50 a awa.

Wanda bai yi aikin ba ba zai gane abin tsoron ba. Tururin da kake gani fari yana tashi daga tukunyar tuwo ya riga ya fara hucewa, shi ya sa ido ke kama shi. Wanda ya kai irin wancan zafi da matsi ba shi da launi. Idan bututu ya tsage, ƙara kawai za ka ji, ba ka san ta ina yake fita ba, kuma yana iya yanke naman mutum. Masu aiki da irin wannan boila da tsintsiya suke neman yoyo, a miƙa ta gaba ana tafiya a hankali, inda ta tarwatse nan ne. Na faɗa wa yaron haka, ya ce su a aji a kwamfuta suka ga boila. Na ce Allah ya kyauta.

Farfela ɗayar nan tun ana ƙera jiragen ake sukarta. An yi haka ne don a rage kuɗi a samu jirage da yawa, amma idan ta tsaya a tsakiyar teku sai dai a jawo ka. Tururin ma shi ya jawo musu ritaya da wuri. Boila tana son hannu da yawa, tana son awoyi kafin ta ɗauki zafi, ga gyara ba ya ƙarewa. Jiragen da suka biyo baya, ajin Oliver Hazard Perry, injin irin na jirgin sama aka sa musu, wanda ake tayarwa cikin 'yan mintoci da mutane kaɗan. Da Tarayyar Sobiyet ta ruguje a 1991, jiragen nutsonta da aka gina Ainsworth don farauta suka koma tashoshinsu, sai Amurka ta ga ba dalilin ciyar da tukwanen nan. A ƙarshen shekarar aka mayar da shi jirgin horar da sojojin ko-ta-kwana, kafin a ba da shi.

Tarihin aikinsa a hannun Amurka ba irin na tatsuniyar jarumai ba ne. Norfolk a jihar Bajiniya ce gidansa, yana fita Atlantika da Bahar Rum, ya yi watanni ya dawo a kankare tsatsa a sake fenti. Ko sunan firiget ɗin ma ba da shi aka haife shi ba, jirgin rakiya ake ce masa sai ranar 30 ga Yunin 1975 da rundunar ta sake wa jiragenta laƙabi. Bai taɓa harba tofido kan jirgin nutson abokin gaba ba. Haka Yaƙin Cacar Baka ya kasance a teku: kana saurarensa, yana saurarenka, shekara ashirin ba wanda ya ce kanzil.

Mai sunan kuwa ya ga wuta da idonsa. A filin helikwafta muka zauna, iskar la'asar da mutanen Izmir ke kira imbat ta fara kaɗawa daga teku, yaron ya ba ni labarinsa, don ya yi karatu a kansa tun zuwansa na farko. Walden Ainsworth, an haife shi a 1886 a Minneapolis, gari mai nisa da teku kamar yadda namu yake. Ya fita daga makarantar hafsoshin ruwa ta Annapolis a 1910, ya ƙware a harkar igwa. Jim kaɗan bayan Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu aka damƙa masa babban jirgin yaƙi Mississippi. A Disambar 1942, yana Riya Admiral, aka ba shi rundunar jirage a Tsibiran Solomon da ke Tekun Fasifik, inda Japan ke shigo da sojoji da kaya cikin dare, Amurka kuma na ƙoƙarin tare hanya.

Dare biyu ne suka yi masa suna, mako ɗaya tsakaninsu. Na farko daren 5 wayewar 6 ga Yulin 1943, a mashigin Kula. Yana da manyan jirage uku masu igwa da yawa, Honolulu inda yake zaune, da Helena, da St. Louis, sai ƙanana huɗu. Japan ta zo da ƙanana goma, galibinsu maƙare da sojoji. Amurkawa suna da na'urar hangen dare da ke nuna jirgi a allo, suka buɗe wuta, suka ragargaza Niizuki, kwamandan Japan Riya Admiral Akiyama ya mutu a cikinsa. Amma Helena ta riga ta ƙarar da albarushinta mara walƙiya, kowace harbi sai ta haska kanta kamar fitila a daji. Tofido uku suka same ta, ta nutse, mutum 168 suka tafi.

Dare na biyu, 12 wayewar 13 ga Yuli, kusa da tsibirin Kolombangara. An cike gurbin Helena da Leander, jirgin Niyu Zilan, aka ƙara masa ƙanana suka zama goma. Babban jirgin Japan, Jintsu, ya kunna fitilar bincike, duk igwogi suka taru a kansa, ya nutse da mutum fiye da 480 har da nasu kwamandan. Leander ya sha tofido ya fita daga fagen. Sauran jiragen Japan suka ja baya cikin ruwan sama, suka sake loda tofido cikin kusan minti 18, suka dawo. Ainsworth ya ga ɗigo-ɗigo a allo, amma ya kasa tantance ko nasa ne da ya tura bin sawu ko na abokan gaba. Kafin ya gama tambaya makaman suna cikin ruwa. Honolulu da St. Louis duk aka fasa musu hanci, ƙaramin jirginsa Gwin ya nutse, sojojin Japan 1,200 kuma suka sauka inda aka aike su.

Na tambayi yaron, mutum ya rasa jirage haka, a kuma sa wa jirgi sunansa? Ya ce a lokacin an ɗauka babbar nasara aka yi, don rahoton da ya kai ya lissafa jiragen Japan da yawa da ya yi zaton sun nutse, alhali galibin igwoginsa jirgi ɗaya suke duka a kowane dare. An ba shi lambar jarumta ta Navy Cross saboda daren Kula. Sai bayan yaƙi, da aka buɗe takardun Japan, lissafin gaskiya ya fito.

Ni dai ban ga laifinsa kamar yadda yaron ya gani ba, kuma mun ɗan ja a kan haka. Abin da ya ci shi makami ne da ba wanda ya gaya masa irinsa ya wanzu. Tofidon Japan samfurin 93 yana tafiyar kilomita 20 da gudun da ya kusa kilomita 90 a awa, idan aka rage masa gudu ya ninka nisan, ga abin fashewa kusan rabin tan. Na Amurka idan ya sa cikakken gudu ko kilomita shida ba ya kaiwa, su kuma suka ɗauka na kowa haka yake, suna matsowa kusa don igwa ta yi aiki, suna zaton ba su shiga hannu ba. Sirrin a wuta yake, nan kuwa fagena ne. Galibin tofidon wancan zamani da matsattsiyar iska yake ƙona mai, iska kuma kusan kashi 78 cikin 100 nata naitirojin ne, ba ya ci da wuta, sai ya fita ya bar layin kumfa a bayansa, mai tsaro ya hango. Japanawa suka zuba zallar iskar oksijin. Tanki ɗaya ya ba da ƙarfi ninki-ninki, kumfa kuma kusan babu. Dare ɗaya kafin yaƙin Kula ma, irin wannan makami ya nutsar da Strong, ɗaya daga ƙananan jiragen Ainsworth, daga nisan kusan kilomita 20, aka ɗora wa jirgin nutso laifi, don hankali bai ɗauki cewa daga can aka harbo ba. Na ce wa yaron, wannan yoyon tururi ne ba tsintsiya a hannu. Ya ce, "Amma Kawu, bayan na farko ai ya kamata ya yi shakka." Na ce faɗa a bakin teku da shayi a hannu yana da sauƙi.

Ya ci gaba da aiki har yaƙi ya ƙare, ya yi ritaya a 1948 da muƙamin Bayis Admiral, ya mutu a 1960, aka binne shi a maƙabartar sojoji ta Arlington. Shekara 12 bayan haka matarsa ta tsaya a Avondale aka tura jirgin ruwa da sunansa. Mutumin da abin ɓoye cikin ruwa ya yi wa ɓarna sau biyu a mako guda, shi aka raɗa wa jirgin da ba shi da wani aiki sai saurare. Ko da gangan aka yi ko dacewa ce, zaɓin ya zauna.

Turkiyya jirage takwas irin wannan ta karɓa a 1993 da 1994, ta kankare sunayen Amurkawa ta sa nata. Wannan ya zama Ege, sunan tekun da Izmir ke bakinsa, wani Akdeniz wato Bahar Rum, wani Karadeniz wato Bahar Aswad. Ɗaya daga ciki, Muavenet, labarinsa da ɗaci. A Oktoban 1992, ana atisayen NATO a wannan tekun, jirgin dakon jiragen sama na Amurka, Saratoga, ya harba makamai masu linzami biyu bisa kuskure kan tsohon Muavenet, mutum biyar suka mutu har da kyaftin. Ɗaya daga jiragen Knox ɗin aka bayar a madadinsa, ya gaji sunan.

A gefen Ege jirgin nutso Pirireis yake ɗaure, mafarauci da abin farauta igiya ɗaya. Shi ma ɗan Kwatanon ne, USS Tang, ya fara aiki a 1951, ya zo Turkiyya a 1980, ya huta a 2004. An sa masa sunan Piri Reis, admiral na Daular Usmaniyya da ya zana taswirar nan ta 1513 mai nuna gaɓar Afirka ta Yamma da ta Kudancin Amurka. Na cire babbar rigar na ba yaron ya riƙe, na shiga da 'yar ciki. Idan Ege matsattse ne, wannan kabari ne mai lantarki. Gadaje a jikin bututun tofido, hanya ta mutum ɗaya, ƙofofi zagaye sai ka shiga da rarrafe. Minti goma na yi na ji ƙirjina ya fara nauyi, na fito ina salati. Mai ciwon hawan jini ko wanda ƙunci ke damu, ya tsaya a waje ya jira, ba abin kunya ba ne.

Shin ya cancanci a je? Ƙwarai, idan kana Izmir kuma kana da rabin yini. Na shiga gidajen tarihi inda komai ke bayan gilashi, a nan kuwa kana taka ƙasan da sojoji suka taka, ka dafa ƙarfen da suka dafa, jirgin kuma a tsaftace yake, fenti lafiya, ba tarkace. Wanda ya yi aikin masana'anta, da makaniki, da ɗalibin injiniya, da yaro mai cewa zai shiga sojan ruwa, su za su fi kowa cin riba. Mai lalurar gwiwa zai ga doron jirgi da igwa da filin helikwafta ba wahala, cikin kuma sai ya auna kansa. Masu ƙananan yara su riƙe hannunsu a tsani, don tsaye yake kamar na hawa rumbu, kuma da baya ake sauka, fuska na kallon matakala. Mata su zaɓi takalmi mai kama ƙafa, a kuma tattare mayafi. Idan ba ka jin Turkanci, nemi ɗan rakiya mai ji, ɗalibanmu suna nan a garin. Ka kuma karanta labarin Ainsworth da daren Kula tun a masauki, don ƙarfe ba ya magana, abin da ka shigo da shi a kai shi za ka gani a jikinsa. Lokacin zafi a je da sassafe ko bayan la'asar, domin da rana tsaka doron nan kasko ne.

Da muka fito muka zauna a wani shagon shayi a bakin ruwa, aka kawo mana a 'yan kofunan gilashi masu siririn ƙugu, da burodin nan mai zobe da riɗi da ko'ina a Turkiyya ake ce wa simit amma mutanen Izmir suka nace sai gevrek. Nan na lura da baƙin layin giris a hannun shaddata na hagu, daga kafaɗa har gwiwar hannu, inda na goga da maƙallin ƙofa ta biyu. Mai wanki biyu suka gwada a Kaduna. Hajiya ta ce in bayar da rigar, na ce a bar mini ita a ƙasan akwati.